Wa Ya Mallaki Takun Bahaushe?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, muna neman aron kunnuwanku a kan wani al'amari wanda da yawa daga cikinku za su ɗauka wasan yara ne. Mu ma haka muka ɗauke shi a da, sai da idanunmu suka gane mana.

A hutun da ya wuce wasu abokanmu suka gayyace mu wani ɗan ofis a Nassarawa GRA, inda suke haɗa zane mai motsi, watau katun, da kwamfuta. Samari ne masu hazaƙa, ba abin da za mu ce da ƙoƙarinsu sai sambarka. Suka kunna mana wani gajeren fim da suka shafe watanni suna fama da shi. Ga dattijo nan an zana shi tsaf, da babbar riga mai aska takwas, da rawani, da gemu fari fat, yana zaune a zaure bisa buzu. Murya ta dattijon Kano ce, Hausarsa kuwa ba gyara. Amma da ya miƙe zai taka, sai ɗakin ya kwashe da dariya. Ya ware ƙafafu, yana wurga hannuwa, kafaɗu na rawa, kai ka ce ɗan ƙwallon kwando ne ya fito daga fili. Da ɗansa ya shigo gaishe shi, sai yaron ya tsaya ƙiƙam, ya miƙa wa uban hannu, ido cikin ido. Ba rusunawa, ba tsugunawa, ko sunkuyar da kai babu.

Muka tambayi abokan namu ina dalili. Suka ce ai motsin ba su suka yi shi ba, daga intanet suka sauko da shi, daga wani rumbu inda ake tara motsin mutane. Sun ɗauko tafiyar wani, sa'an nan suka umurci kwamfuta ta ɗora mata tsufa, shi ya sa dattijon ya ɗan ranƙwafa. Watau riga tamu, harshe namu, amma jikin da ke cikin rigar na wani ne can ƙetaren teku.

Da muka fito titi, dariya ta koma ciki. Ofishin nan bai da nisa da Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa cikin 1909. A wannan unguwa aka fara koya wa Bakano riƙe alƙalamin Bature. To, yanzu kuma a wannan unguwa ake sa wa hoton Bakano ƙafafun Bature, kuma da hannunmu. Abin da muka zo faɗa a wannan takarda guda ne: takun mutum gado ne, dukiya ce, kuma idan ba mu tashi mun adana namu da sunan masu shi ba, to, ko dai a shafe shi daga idon 'ya'yanmu, ko kuwa a kwashe shi a sayar mana.

YADDA AKE KAMA MOTSI

Ya kamata mu fara da bayanin yadda abin yake, don kada a ce muna zagin abin da ba mu sani ba. Ana sa wa mutum matsattsun tufafi baƙaƙe, a manna masa 'yan ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli a gaɓoɓinsa: goshi, kafaɗa, gwiwar hannu, ƙugu, gwiwa, idon sawu. Sai a kewaye shi da kyamarori. A ɗakin binciken Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a Amurka, alal misali, ƙwallaye 41 suka riƙa mannawa, da kyamarori 12, kowace tana ɗaukar hoto 120 cikin daƙiƙa guda. Kwamfuta ba ruwanta da fuskar mutumin ko launin fatarsa. Ɗigo-ɗigon nan take bi, ta haɗa su su zama ƙwarangwal, ta rubuta yadda kowace gaɓa ta lanƙwasa a kowane lokaci. Abin da ya rage bayan mutumin ya tuɓe ya tafi gida shi ne jerin lambobi. Waɗannan lambobi ana iya zura su cikin kowane zane, ko na mutum, ko na dodo, ko na kwaɗo, ya yi ta motsi kamar mai shi. Da wannan dabara Andy Serkis ya zama Gollum a fim ɗin The Two Towers na 2002, da ita kuma aka yi shuɗɗan mutanen Avatar a 2009.

Masana ba su tsaya nan ba. Sai suka ce motsi kashi biyu ne: akwai aikin da ake yi, kamar tafiya ko gudu ko naushi, akwai kuma salon da ake yin sa da shi. A 1995 wasu injiniyoyi uku na kamfanin Hitachi a Japan, Unuma da Anjyo da Takeuchi, suka nuna cewa ana iya auna bambancin da ke tsakanin tafiyar mai ƙarfi a jika da ta gajiyayye, a mai da shi lissafi, a ƙara ko a rage shi yadda aka ga dama. A 2000 Matthew Brand da Aaron Hertzmann suka koya wa kwamfuta ta ɗauki rawar ɗan koyo ta gyara ta ta yi kama da ta gwani. Daga 2016, da aikin Daniel Holden da abokansa a Jami'ar Edinburgh, aka shigo da ƙirƙirarriyar basira cikin sha'anin gadan-gadan. Yau mai zane yana iya danna maɓalli, tafiyar saurayi ta koma ta tsoho, ta mai murna ta koma ta mai makoki.

Wannan ilmi ne mai ban sha'awa, ba mu musu. Mu da ke karanta kimiyyar kwamfuta mun san irin wahalar lissafin da ke ciki, muna kuma cire wa masu shi hula. Rigimarmu da abin da aka ɓoye a ƙarƙashin lissafin take.

TAFIYA LAMI TA WANE NE?

Kafin ka ce ka ɗora salo a kan tafiya, dole ka fara da wata tafiya wadda ka yanke hukuncin cewa ba ta da salo, tafiya lami, kamar tuwo ba miya. A 2015 Shihong Xia da abokan aikinsa suka fitar da wani tarin motsi wanda masu bincike da yawa suka riƙa gwaji da shi. Salo takwas ne a ciki: alfahari, fushi, baƙin ciki, taƙama, yarinta, tsufa, kwarkwasa, sai kuma na takwas, wanda suka kira marar salo. To, tambayarmu ita ce, wannan marar salo tafiyar wa ce? Wane ɗan Adam ne aka haifa yana tafiya ba irin ta kowa ba? Babu shi. Tafiyar mutumin da ya shiga ɗakin aka manna masa ƙwallaye ita ce aka naɗa sarautar lami, watau ita ce ma'auni, duk wata tafiya a duniya kuwa ta zama karkacewa daga gare ta.

Ku duba rumbun Carnegie Mellon ɗin nan, wanda yake kyauta ga kowa, masu zane a ko'ina suna ɗiba daga cikinsa. Motsi sama da 2,000 ne a ciki. Akwai ƙwallon kwando, akwai damben Turawa, akwai rawar salsa, har rawar Indiya akwai. Amma ku nemi jinjina, ku nemi faɗuwa gaisuwa, ku nemi yadda dattijo ke saɓa hannun babbar riga bisa kafaɗa kafin ya zauna, ku nemi lugude, inda mata biyu ko uku ke daka a turmi guda, wannan ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Ba za ku samu ba. Ba kuma mugunta ce ta hana su sawa ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Su sun yi nasu, mu ne muka kwanta.

Harshenmu kansa shaida ne cewa mun daɗe da sanin wannan ilmi. Muna da taƙama, da ƙasaita, da tinƙaho, da rangwaɗa, da yauƙi, da sanɗa, da sassarfa, da ɗingishi, kowace da ma'anarta, ba a musanya wata da wata. Takun basarake daban yake da na attajiri, na malami daban da na ɗan dambe. Bafillatana mai tallar nono wadda ta ɗora ƙwarya bisa gammo tana tafiya wuya a miƙe, ƙugu ne ke ɗaukar girgizar hanya, don shekaru da kaya suka koya wa jikinta haka. Mai babbar riga ba ya wurga hannu, don rigar ba ta yarda. Mai ga-ruwa ya karkata gaba, ɗan dako ya gajarta taku. Waɗannan duka sana'a da sutura da tarbiyya ne suka sassaƙa su a jiki, ba fenti ba ne da za a shafa yau a kankare gobe. Wanda ya ɗauki tafiyar wani ya ɗan lanƙwasa mata baya ya ce ya yi dattijon Kano, bai san mene ne dattako ba. Dattako ba ciwon baya ba ne.

Kada kuma wani ya ce ai katun ne kawai, ba ya canza kowa. Wani masanin Faransa, Marcel Mauss, ya ba da labari a wata lacca cikin 1934, cewa sa'ad da yake jinya a wani asibiti a New York ya lura da tafiyar ma'aikatan jinya, yana ta tunanin inda ya taɓa ganin irinta, sai ya tuna a silima ne. Da ya koma Paris sai ya iske 'yan matan birnin su ma sun ɗauki wannan tafiya, daga finafinan Amurka. Mu Kanawa ba mu bukatar Mauss ya gaya mana. Mun ga abin da finafinan Indiya suka yi tun zamanin gidajen silima irin su Rex da Palace, mun kuma ga irin rawar da ta cika Kannywood bayan da masana'antar ta kafu daga Turmin Danya na 1990. Ƙannenmu da ke zaune gaban talabijin da waya, a Nassarawa ko a Fagge ko a Kurna, jikinsu yana karatu ko da bakinsu a rufe yake.

TSOHON CINIKI CIKIN SABUWAR RIGA

Wancan haɗari na farko ke nan, a manta da mu. Na biyu ya fi shi muni, watau a tuna da mu ranar da aka ga akwai riba. Wannan kuwa ba hasashe muke yi ba, an taɓa yi.

A 1895 aka yi wani baje koli a Paris inda aka kai mutanen Afirka ta Yamma aka ajiye su don Turawa su yi kallo. Wani likita, Félix Regnault, ya zo da na'urar ɗaukar hoto a jere, irin wadda Étienne-Jules Marey ya ƙirƙira, ya ɗauki Wolof da Fulani da wasunsu suna tafiya, suna tsugunawa, suna hawan itace, da wata mace tana ginin tukunya. Da sunan ƙabila aka rubuta su. A 1898 shi da wani hafsan soja mai suna de Raoul suka wallafa littafi a kan tafiya, inda suka yaba wa tafiya da gwiwa a ɗan lanƙwashe, suka ba da shawarar a koya wa sojan Faransa ita don ya yi nisa bai gaji ba. Ku lura da kyau. A daidai shekarun da Faransa ke cin ƙasashen Afirka ta Yamma da yaƙi, masananta suna auna ƙafafun mutanen da ake ci. Wannan ma sauya salon motsi ne, tun kafin a haifi kwamfuta.

A Amurka kuma, Max Fleischer ya ƙirƙiro dabarar bin sawun hoton mutum da alƙalami, hoto bayan hoto, har ya zama zane. A 1932 kamfaninsa ya ɗauki rawar mawaƙin nan baƙar fata Cab Calloway ya zura ta cikin fatalwar wata dabbar teku mai haure, a katun ɗin Minnie the Moocher. Shi dai Calloway ya tsira da sunansa, don an nuna fuskarsa a farkon fim ɗin. Na bayansa ba su samu ko wannan ba. A Disamba 2018 wani mawaƙi baƙar fata, 2 Milly, ya kai kamfanin Epic Games kotu, yana cewa an ɗauki rawarsa an sauya mata suna ana sayarwa cikin wasan Fortnite. A Maris 2019 aka janye ƙarar, dokar Amurka kuwa ba ta ba gajeren taku na rawa kariya. Daga Yuli 2024 'yan wasan da ke ba wasannin kwamfuta murya da motsi suka shiga yajin aiki a ƙarƙashin ƙungiyarsu SAG-AFTRA, suka yi kusan shekara guda, babban abin da suke nema kuwa shi ne kada a kwafi muryarsu da motsinsu da ƙirƙirarriyar basira sai da izininsu da biya. Waɗannan mutane ne masu ƙungiya, masu lauyoyi. To, ina ga ɗan damben da ya fito daga rukunin mahauta, wanda ko asusun banki ba shi da shi?

Za ku ce ai ba wanda ya zo Kano da baƙaƙen tufafi da ƙwallaye. Ba ya bukatar zuwa. Tun 2017 akwai manhaja irin OpenPose wadda ke fitar da ƙwarangwal daga bidiyo na yau da kullum. A 2020 Kfir Aberman da abokansa suka nuna cewa ana iya tsamo salon motsi kai tsaye daga bidiyo a ɗora wa zane. Ma'anar wannan ita ce, duk bidiyon dambe da muka zuba a YouTube, duk rawar koroso da muka sa a TikTok, duk hoton hawan salla, ma'adini ne a buɗe ba mai gadi. Tsayuwar ɗan dambe, hannu guda a naɗe ya ja baya yana jiran kisa, ɗayan a buɗe a gaba yana kariya, da yadda yake kewaya abokin karo yana auna shi, abu ne da aka gada daga ubangida zuwa yaro, aka biya shi da haƙora da jini. Gobe ana iya zura wannan tsayuwa cikin wani dodon wasan kwamfuta, a ɗora mata salon maye ko na wawa, a sa mata wani suna, yaranmu su saya da kuɗin iyayensu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

AMSA GA MASU MUSU

Mun san za a yi mana musu, bari mu tari masu yinsa tun daga nesa.

Na farko zai ce, ana fama da yunwa da rashin wutar lantarki, ku kuna maganar tafiyar 'yar tsana. Muna amsa masa da cewa maganar abinci muke yi. Ɗan dambe da ɗan koroso da ɗan kokawa ba su da gona sai jikinsu. Ƙasar nan ta saba sayar da gyaɗa da fata da auduga ɗanye, a sarrafa a waje, a dawo mana da su da tsada. Dalar gyaɗa ta Kano ta tafi, ba mu ga abin da talaka ya ƙulla ba. Wannan karon ko sayarwa ba mu yi, kyauta muke zubarwa.

Na biyu zai ce, ai al'ada ta kowa ce, ku ma kun ari rawar Indiya, don me za ku hana a ari taku? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba za mu kauce mata ba. Mun ara, har mun wuce gona da iri. Amma yarinyar da ta kwaikwayi rawar Indiya da jikinta ta koya, ta yi gumi, kuma duk mai kallo ya san inda rawar ta fito. Na'ura kuwa a dare ɗaya take kwashe abin da mutum ya yi shekara ashirin yana koyo, ta goge sunansa, ta buga kwafi iyakar son mai ita. Aro daban, hankaka mai da ɗan wani naka daban.

Na uku shi ne ɗan'uwanmu mai cewa a haramta abin baki ɗaya a huta. Muna tuna masa cewa a 2016 Gwamnatin Tarayya ta soke shirin gina ƙauyen finafinai a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, bayan ƙorafin jama'a. Kowane irin ra'ayi mutum yake da shi a kan wannan, abu guda tabbas ne: kyamarori ba su ragu ba, sai ma ƙaruwa da suka yi a aljihun kowa. Rufe ido ba ya hana a ɗauke ka hoto. Wanda ya damu da tarbiyya shi ya fi cancanta ya damu da yaron katun da ya tsaya wa ubansa ƙiƙam.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ba mu haushi, ɗan bokon da ke cewa mu ba za mu iya ba. Wannan bai san Moustapha Alassane ba, mutumin Nijar wanda ya rayu daga 1942 zuwa 2015, ya zauna a Tahoua. A 1966, ba kwamfuta ba komai, ya zana fim ɗin Bon Voyage Sim, inda kwaɗi ke fareti da ziyarar shugabannin ƙasa, duk wanda ya gani ya gane su wa ake nufi. Daga baya ya yi Kokoa, da 'yan tsana na dabbobi suna kokawa irin tamu. Abin da yake da shi ido ne mai lura da yadda mutanensa ke motsi. Mu yau muna da waya mai kyamara, da manhajar Blender wadda kyauta ce, da digiri a kan hanya. Ina uzurinmu?

ABIN DA MUKE NEMA

Ba kuka kaɗai muka zo yi ba. Ga buƙatunmu, muna kuma so ƙungiyar ɗalibai ta ɗauke su a matsayin nata.

1. Jami'ar Bayero ta haɗa masu kimiyyar kwamfuta da masu nazarin wasan kwaikwayo da masu nazarin Hausa a ɗaki guda, su fara ɗaukar motsinmu. Ba sai an jira kyamarori 12 ba, da wayoyi kaɗan ana iya farawa. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Danfodiyo su bi sahu, a kuma miƙa hannu ga 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, inda kokawa take da gata, da gasar takobi ta ƙasa tun 1975.

2. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta buɗe rumbun motsi a Gidan Ɗan Hausa. Kowane motsi a rubuta sunan mai shi, da garinsu, da wanda ya koya masa, da kiɗan da ake yi masa, da ranar ɗauka. Kada a maimaita abin da Regnault ya yi, a rubuta mutum da sunan ƙabila.

3. A sa wa motsin suna da Hausa. Taƙama ta zauna taƙama, ƙasaita ta zauna ƙasaita. Kada a cusa su cikin akwatuna takwas na wasu.

4. Kada a tsaya ga fada. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, mun yi murna. Amma sarakuna suna da masu adana musu tarihi. A ɗauki marinan Ƙofar Mata da masu bugu, da maƙera, da manomi da garmarsa, da ɗan dako na Kwari, don su ne ba su da maroƙa.

5. Kada a ɗauki kowa sai da yarjejeniya a rubuce da Hausa, da boko ko da ajami, a karanta masa a gaban shaidu. Ya san nawa za a biya shi, da inda za a yi amfani da motsinsa, ya kuma kasance yana da ikon hana a mai da shi abin ba'a. Mata kuwa mata ne za su ɗauke su, da yardarsu, abin da suka ce a rufe a rufe shi.

6. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ambaci raye-rayen gargajiya cikin abubuwan da ba a juya su don kasuwanci sai da izini, ta kuma ɗora wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya alhakin ba da izinin. Muna kira ga hukumar ta fito fili ta bayyana cewa motsin da aka mai da lambobi yana cikin wannan kariya, ta kuma tsara yadda kuɗin izini zai kai ga masu sana'ar, kada ya maƙale a Abuja.

7. Ku kuma yayyenmu ma'aikata, nan kuke da hannu. Ma'aikatun lafiya da na ilmi da na yaɗa labarai suna ba da aikin katun na wayar da kai. Duk takardar kwangilar da ta bi ta teburinku, ku rubuta a ciki cewa motsin ya zama na mutanen nan, a kuma biya su. Layi ɗaya ne a cikin fayil, amma zai ciyar da gidaje.

Mu ɗalibai kuma kada mu ware kanmu daga laifi. Mu ne muka fi kowa jin kunyar tsugunawa gaban iyayenmu idan abokai suna kallo. Kowace shekara muna kwafe ayyukan kammala karatu waɗanda ba mai buɗewa. Wannan shekara wani ya ɗauki wayarsa ya je gidan dambe, ya nemi izini, ya biya, ya auna tsayuwar ɗan Kudu da ta ɗan Arewa da ta Guramada. Wata ta zauna da kakarta ta ɗauki yadda ake tankaɗe da shiƙa. Tsofaffin da suka iya waɗannan abubuwa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Abokan nan namu na Nassarawa sun yi alkawarin sake fim ɗinsu. Sun ce za su roƙi wani dattijo maƙwabcinsu ya tako musu daga zaure zuwa ƙofar gida, su ɗauka, su biya shi, su rubuta sunansa a ƙarshen fim. Taku goma ne ko goma sha biyu. Muna fatan ranar da za su sake kunna mana, dattijon katun ya miƙe ya saɓa rigarsa, ɗansa ya shigo ya zube ya kwashi gaisuwa, ɗakin ya yi tsit, kowa ya ga kamar mahaifinsa ne.

Allah ya ba mu ikon riƙe abin da yake namu, amin.